Gashin Bakin da Ba Ya Rabuwa

A garinmu Nuceni duk malamin makaranta Farfesa ake ce masa, ko da ƙirga yatsu yake koya wa yara. Sauran malaman sun san ladabi ne kawai ake yi musu. Eftimie Balan shi kaɗai ya ɗauki sunan da gaske. Shekara ashirin da shida yana koyar da kimiyya, kuma in ka ji shi yana ba da labarin kansa sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a rataya wata a sama. Dukiyarsa biyu ce a duniya: bakinsa, da abin da ya tsiro a saman bakin. Gashin baki ne na gani na faɗa, baƙi wuluk, ya miƙe dama da hagu kamar kan keke. Kullum sai ya shafe shi da mai ya murza kafin ya ce wa matarsa ina kwana.

Ranar Alhamis bayan bikin Ista ya shigo shagon Kostake mai aski da takarda a hannu, yana tafiya kamar wanda aka naɗa gwamna.

"Ku saurara, jama'a. Ranar Talata mai duba makarantu za ta zo daga birni, Madam Olaru da kanta. Darasina za ta kalla. Yadda masana suka yi ta sauya siffar ƙwayar zarra, daga ta farko har zuwa yau."

Kostake bai ko ɗaga kai daga ƙeyar da yake askewa ba. "Olaru? Allah ya jiƙan ka, Farfesa. Matar nan ba ta taɓa ba ɗan Adam maki goma bisa goma ba. Malamin tsallaken rafi bakwai ta ba shi, har yau shayi kaɗai yake iya sha."

"Ai ba ta taɓa ganin malami ba ne. Su a allo suke zana 'yan ƙwallaye da alli. Ni fili zan fito da ƙwayar zarra, a gan ta da ido, a taɓa ta da hannu."

"In kuma ta ba ka bakwai ɗin fa?"

Da mai hankali ne da sai ya yi dariya ya wuce. Eftimie kuwa ya dubi mutum shida da ke zaune kan benci, ya kama gefen gashin bakinsa ya ce, "In ba ta ba ni goma cif ba, ka aske wannan. A tsakar makaranta, gaban kowa."

Kostake ya ɗago kai. Shekara ashirin da shida Kostake yana aske masa kai, ba a taɓa yarda askarsa ta sauko ƙasa da kunne ba. Ya ajiye almakashi a hankali.

"Kun dai ji ko? Ku shida shaida ne."

"Su ji mana. Wasa askarka har ta ƙare, Kostake. Gashin bakin nan irin ƙwayar zarra ce. Ba ya yankuwa, ba ya rabuwa."

Kafin ya isa gida labarin ya riga shi. Ya tarar da matarsa Safta a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Wai ka sa gashin bakinka a caca?"

"Ba caca ba ce, kimiyya ce. Ina ƙwan katakon nan da kike sawa cikin safa in za ki yi ɗinki?"

"Me za ka yi da shi?"

"Ba aikin mata ba ne. Kuma ki gasa min kozonak, burodin nan naki mai zaƙi, babba, ki cika shi da zabibi. Zan ari tukunyar mamaliga da kike tuƙa tuwon masara, da kwando ɗaya na ƙananan dankali, da gangar katakon nan ta jiƙa kabeji da ke cikin rumfa."

"Darasi za ka yi ko biki? Gangar nan fa da sauran kabeji a ciki, kuma murfinta ya ruɓe."

"Safta, wa ya karanta ilimin nauyi da ƙarfi a gidan nan, ni ko ke?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce to. Duk wanda ya san Safta ya san wannan "to" ɗin ba ta alheri ba ce, amma Farfesa bai taɓa sauraron amsar kowa ba.

Ranar Litinin ya tara 'yan aji bakwai ya zayyana musu shirinsa. Siffofi huɗu za a nuna. Ta farko ta Dalton, wanda ya ce ƙwayar zarra dunƙule ce mai tauri da ba ta fasuwa. Ta biyu ta Thomson, wanda ya ce kamar burodi take, 'yan ilektiron suna warwatse a ciki kamar zabibi. Ta uku ta Rutherford, wanda ya gano yawancinta fili ne fayau, sai 'yar cibiya mai nauyi a tsakiya. Ta huɗu ta Bohr, wanda ya ce ilektiron suna kewaya cibiyar ne a kan layuka, kowa da layinsa.

Ilinka, wata yarinya mai kitso biyu da ba ta iya barin tambaya ta kwana, ta ɗaga hannu.

"Malam, a littafi biyar ne. Akwai ta shafin ƙarshe, wadda aka ce kamar gajimare take."

"Wannan shirme ne. Mutum ya fito ya ce bai san inda abu yake ba, kuma a tafa masa? Ni a ajina kowa sai ya san wurin zamansa. Ba za mu yi ta ba."

Gaskiyar magana, wadda ni da ku za mu rufa masa asiri a kanta, shekara ashirin da shida yana isa wannan shafin sai ya duba agogo ya ce lokaci ya ƙure. Bai taɓa gane komai a cikinsa ba.

Talata ta yi. Kostake ya yi aikinsa, domin tun da hantsi garin kaf ya jingina da shingen makaranta, tsofaffi da kujerunsu, mata da goyo. Shi kansa yana gaba, tawul a kafaɗa, aska a aljihun gaba yadda kowa zai ga ƙotarta. Madam Olaru ta sauko daga mota, doguwa siririya cikin kwat ruwan toka, da littafi a hammata da fuskar da ba ta san dariya ba. Shugaban makaranta ya tare ta a ƙofa da burodi da gishiri a kan faranti, kamar yadda ake tarbar kowane baƙo. Farfesa ya hango su daga nesa, ya ga tana ƙara gutsura, ya ce a ransa mace mai cin abinci haka ba za ta yi rowar maki ba.

Ya fito tsakar fili ya zaro jan ƙwai daga aljihu, irin na Ista, ya ɗaga sama.

"Ranki ya daɗe, jama'ar Nuceni, ga ƙwayar zarra ta farko! Dunƙule, mai tauri, ba ta fasuwa. Duk mai ja da ni ya fito da ƙwansa mu gwada."

Shi a saninsa ƙwan katakon Safta ne da ya shafa wa jan fenti. Kostake ya tsallako shinge da nasa ƙwan. Suka yi yadda aka saba, wannan ya ce Almasihu ya tashi, wancan ya ce lalle ya tashi, suka gwara kawunan ƙwai.

Ƙwas!

Farfesa ya dubi hannunsa. Kan ƙwayar zarra ya lotsa, har farin ciki ya leƙo.

"Eftimie!" Safta ce daga bakin shinge, da muryar da ake ji har coci. "Na ɗauke na katakon da safe, na sa maka dafaffe! Safarka ce ta huje, babban yatsanka yana waje. Ko so kake baƙuwa ta gani?"

Tsofaffin mata suka riƙe baki. A Nuceni an fi yafe wa ɓarawon kaza a kan mai shiga gwara ƙwai da na katako. "Ashe haka yake cinye mu duk shekara!" in ji wata. Kostake, wanda nasa ƙwan na zabuwa ne da ya rina, ya fi kowa girgiza kai. Ya karɓe ƙwan Farfesa, tunda wanda ya fasa shi ke da ƙwai, ya ɓare, ya dangwali gishirin baƙuwa ya cinye a tsaye.

"Ƙwayar zarra ta farko ta ɗan yi lami," in ji shi.

Farfesa ya share zufa ya ɗaga yatsa. "Da gangan na shirya haka! Yara, ku rubuta: duk abin da aka ce ba ya rabuwa, wata rana sai an raba shi. Ku ja masa layi!"

Yara suka rubuta, suka ja layi. Madam Olaru ma ta rubuta wani abu.

"Yanzu siffa ta biyu. A ɗauko min kwandon nan."

Aka ɗauko. Ya yaye ƙyallen da ke sama da salo irin na masu dabo. Babu komai a ciki sai ɓurɓushi. Ya leƙa ƙarƙashin kwandon, ya leƙa ƙarƙashin tebur. Shugaban makaranta ya matso yana murza hannu.

"Farfesa, wai burodin nan naka ne? Mai gashin burodi bai kawo namu ba, na ga wannan a ofis, ga baƙuwa a ƙofa..."

Farfesa ya juya a hankali. Ga zabibi ɗaya a maƙale a ƙirjin kwat ɗin Madam Olaru.

"Ranki ya daɗe," ya ce da ƙaramar murya, "kin cinye siffa ta biyu."

"Ni da direbana," in ji ta, ba tare da ta motsa gira ba. Ta cire zabibin ta duba. "Wannan ke nan ilektiron?"

"Shi ne, ranki ya daɗe."

"Wadda ta gasa ta san aikinta. Ci gaba."

"Na gode, 'yar nan!" in ji Safta daga shinge. "Ni ba a taɓa ba ni maki a gidan nan ba."

Siffa ta uku ita ce Farfesa ya fi ji da ita. Ya ɗaura igiya tsakanin itatuwa biyu, ya rataya tsofaffin jaridu da ya shafa wa ruwan ɗorawa, su ne a matsayin fallen zinariyar da Rutherford ya harba wa ƙwayoyi. A bayan jaridun ya rataya tukunyar mamaliga, ita ce cibiya. Yara za su yi ta jifa da dankali: yawanci su huda takarda su wuce, ɗaya-ɗaya su bugi tukunya su dawo.

"Ranki ya daɗe, ki koma bayan labulen jaridun nan ki zauna. Ta nan ake ƙirga waɗanda suka wuce. Wurin manya ne."

"Malam," in ji Ilinka, "in sun wuce ai ita za su..."

"Wa ya tambaye ki? Ɗaya, biyu, uku, ku harba!"

Yara ashirin da uku, 'ya'yan manoma, waɗanda tun suna rarrafe suke jifan hankaki a gonar masara. Kimiyya kuwa ba ta yi ƙarya ba. Dankali ya huda jarida ya wuce kamar ba komai a wurin. Daga bayan labule aka ji tim, tim, tim, sai ƙarar kujera ta faɗi, sai muryar shugaban makaranta yana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani?" Farfesa yana tsalle don murna. "Fili ne fayau! Ku ƙara! Ba a sami cibiya ba tukuna!"

Aka samu. Wani dankali mai ƙwari ya bugi tukunya, ƙwal, ya juyo kamar an aiko shi, ya sauka a tsakiyar goshin Farfesa. Ya zauna daɓas a ƙasa.

Madam Olaru ta fito daga bayan jaridun da littafinta a ka kamar mai gudun ruwan sama, gashinta ya warware, da ƙasar dankali a kafaɗa.

"Goma sha tara ne suka same ni," ta ce. "Kai fa?"

"Ɗaya, ranki ya daɗe."

"To, lissafin ya yi kusa da gaskiya."

Kostake ya zaro askarsa ya fara wasa ta a jikin ɗamararsa, shuu, shuu, yana 'yar waƙa.

A nan ne tsoro ya fara kama Farfesa da gaske. Ya taɓa gashin bakinsa, ya ji kamar yana sallama da ɗan'uwa. Amma saura siffa ta huɗu, kuma ita ce za ta wanke shi. Ya riga ya zana da'ira biyu da farar ƙasa a tsakar fili, ƙarama a cikin babba. Aka mirgino gangar kabeji tsakiya, ya hau kanta da ƙulu a goshi, shi ne cibiya. Yara biyu a layin ciki, takwas a layin waje, kowa ya riƙe hannun ɗan'uwansa.

"Ba mai barin layinsa sai na tafa! Tase, ba mu kiɗa, a hankali."

Tase mai akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsawa, kiɗa ɗaya ya iya a duniya, kuma shi ne na hora, rawar da'ira ta garinmu. Ya ja, ya matsa, yara suka fara kewayawa, taku uku gaba, ɗaya baya. Wallahi abin ya yi kyau. Madam Olaru ta buɗe littafinta, har kamar gefen bakinta ya motsa. Farfesa ya bubbuɗa ƙirji ya dubi Kostake.

Abin da ya manta, shi da aka haifa a garin nan, shi ne hora ba ta da mai gadi. In aka kafa da'ira aka saki kiɗa, duk mai ƙafa yana da gurbi, kuma wanda aka miƙo wa hannu ya ƙi karɓa ya yi zagi. Iya Veta, 'yar shekara tamanin da ɗaya, ita ta fara jingine sandarta. Ta ratsa layin waje ta shige na ciki, yaran nan biyu suka buɗe mata hannu kamar yadda aka tarbiyyantar da su.

"Iya! Iya, fita! Layin nan mutum biyu yake ɗauka!"

"Rufe min baki, Eftimie. Tun ubanka yana yawo ba wando nake shiga hora."

"Ba hora ba ce, ƙwayar zarra ce!"

"Ko ta uban wa ce. Tase, ƙara wuta!"

Tase ya ƙara wuta. Matan shinge suka kwararo, maza suka biyo, mai kai wasiƙa ya jefar da kekensa. Da'ira biyu ta zama uku, ta zama biyar, ta zama abin da ba shi da suna. Farfesa ya tafa don su tsaya, jama'a suka ɗauka tafin rawa ne suka amsa masa. Kostake ya rusuna ya miƙa wa Madam Olaru hannu. Ita ma dai 'yar ƙauye ce kafin ta zama 'yar birni. Ta soke littafin a hammata ta shige. Farar ƙasar da aka zana layi da ita ta tashi sama, aka daina gane yaro da babba.

"Ku koma layinku! Ni ne cibiya! Ku saurari cibiya!"

Ya buga ƙafa a kan ganga don a ji shi. Ya sake bugawa. A ta uku murfin ya amsa. Ruf! Cibiya ta nutse cikin ruwan kabeji mai tsami har hammata, ruwan ya yi tsiri ya sauko kan na kusa. Kiɗa ya tsaya. Ba abin da ake gani sai kai da hannuwa biyu, da ganyen kabeji rataye a gefe ɗaya na gashin baki.

"Wa ya karanta ilimin nauyi a gidanmu?" in ji Safta.

Dariyar da aka yi ranar, har karnukan tsallaken rafi sai da suka amsa.

Madam Olaru ta tsaya tana haki, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta kamo Ilinka. "Ke, ilektiron goma aka sa a fili. Nuna min inda kowanne yake lokacin da ake rawar."

"Ba wanda zai iya nunawa, Madam. Sai dai in ce miki kusa da ganga aka fi samun su, can bakin shinge kuma da ƙyar ki ga ɗaya. Haka shafin ƙarshe ya ce. Ba layi, sai dai inda aka fi zaton samun su, kamar gajimare."

Madam ta gyaɗa kai. Sannan ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya da tambaya. Me ya rushe siffa ta farko? Me ya sa dankali ɗaya ya dawo? Har daƙiƙan bayan aji suna rige-rigen amsawa. Wa zai manta darasin da ya jefi mai duba makarantu a cikinsa?

"Duk ni na shirya haka!" aka ce daga cikin ganga. "Har ta biyar ɗin!"

"Madalla. To, yi mana bayaninta, Farfesa."

Ya buɗe baki. Ya laluba agogon aljihunsa, agogon yana ƙarƙashin kabeji. Karo na farko a tarihin Nuceni aka ji Eftimie Balan ya yi shiru.

"Yara, goma," in ji Madam Olaru tana rubutu. "Malami, biyar. Kuma biyar ɗin don burodi ne."

Aka zaro shi daga ganga aka ɗora kan kujera yana ɗiga. Kostake ya ɗaura masa tawul. Farfesa ya rufe ido, hawaye na gaske suka gangaro, har mutane suka fara jin tausayinsa.

"Dakata, Kostake," in ji Safta. "Biyar ai rabin goma ne. Mijina ya ci rabi. Rabi za ka aske."

Farfesa ya buɗe ido cike da godiya. Sai da ya hango fuskarsa a zuci sannan ya gane ba ceto ba ne, kuɗin kabejinta take karɓa.

"A'a! Ko duka ko a bari! Gashin bakin nan ba ya rabuwa, kowa ya ji na faɗa!"

Ilinka ta buɗe littafinta ta karanta da murya mai daɗi, yadda ya koya musu: "Duk abin da aka ce ba ya rabuwa, wata rana sai an raba shi. Ka ce mu ja masa layi, Malam."

Kostake ya ja nasa layin, daga ƙarƙashin hanci zuwa hagu.

Washegari Farfesa ya shigo aji da hannu a kan leɓe. Ya tsaya gaban allo, ya sauke hannun, ya bar su suka yi dariya har suka gaji. Sannan ya buɗe littafi a shafin ƙarshe.

"Ilinka, zo allo ki yi bayanin gajimaren nan. Ni na san shi tun kafin a haife ki, so nake in ga ko ke kin gane. Ki bi a hankali, saboda na baya."

Ya je ya matsa cikin 'yar kujerarta, ya murza rabin da ya rage masa. Da ta juya ta fara zane, sai ya zaro alƙalami a ɓoye ya fara rubutawa.